Olmek: uwar Maya da Aztek ce, ko babbar yaya?

A farkon shekarar 1939 wani Ba'amurke mai tonon kufai, Matthew Stirling, ya haƙo ɓarin wani faffaɗan dutse a Tres Zapotes, cikin jihar Veracruz ta ƙasar Meksiko. A bayan dutsen an sassaƙa jerin sanduna da ɗige-ɗige, irin lambobin da mutanen Maya ke rubuta kwanan wata da su: sanda biyar ce, ɗigo kuwa ɗaya. Sai dai kan dutsen ya karye, lambar farko ta tafi da shi. Matarsa Marion ta zauna ta yi lissafi, ta ce lambar da ta ɓace bakwai ce, kuma in haka ne, kwanan watan ya faɗo a shekara ta 32 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Manyan masana tarihin Maya na wancan zamani, irin su Eric Thompson, suka yi tsalle suka dire suka ce ba za ta saɓu ba. Yarda da lissafin Marion na nufin wasu mutane da ke wajen ƙasar Maya sun riga Maya rubuta wannan kalanda da shekara fiye da 300, bisa abin da aka sani a lokacin. Sai a 1969 aka tsinci ɗaya ɓarin dutsen. Da aka duba, bakwai ɗin ce.

Gardamar ba ta mutu ba, riga ta sake. Yau babu masanin da ke musun cewa mutanen da ake kira Olmek, waɗanda Tres Zapotes ke cikin ƙasarsu, sun girmi manyan biranen Maya, balle Aztek da suka zo a ƙarshen sahu. Inda ake ja-in-ja shi ne abin da na baya suka gada daga gare su, da hanyar da gadon ya bi. Wani ɓangare na cewa Olmek uwa ce, ita ta haifi duk wayewar yankin da ya taso daga tsakiyar Meksiko har Gwatamala da Honduras. Ɗaya ɓangaren na cewa a'a, 'yar'uwa ce cikin 'yan'uwa, ta dai fi su iya sassaƙa. Ni abin da hujjojin suka nuna mini shi ne, yawancin abubuwan da ake jingina wa Olmek tarar da su suka yi. Amma akwai abu guda da suka riga kowa gwanancewa a kai, wato yadda ake nuna wa jama'a cewa wannan mutum sarki ne, kuma ruwan sama da masara ta hannunsa suke fitowa. Shi maƙwabta suka ara, kuma shi ne ya yi nisan kwana.

Ƙasar da ba ta da dutse

Mazauninsu gaɓar Tekun Meksiko ce, kudancin Veracruz da yammacin Tabasco, ƙasa mai zafi da yawan ruwa, duk fadamu da koguna. Kogin Coatzacoalcos yakan yi ambaliya ya bar taki a gefensa, ga kifi ga kunkuru, don haka ciki bai dame su ba. Babban garinsu na farko, San Lorenzo, ya yi tashe daga wajen 1200 zuwa 900 kafin Miladiyya. Da ya dusashe sai La Venta ta karɓa har wajen 400. Tres Zapotes kuwa ta ci gaba da numfashi bayan su duka. Sunan Olmek ba su suka raɗa wa kansu ba, masana ne suka aro shi daga harshen Aztek, sunan wasu mutane dabam da suka zauna a yankin can daga baya.

Abin da duniya ta fi sanin su da shi kawunan dutse ne. An samu 17 zuwa yau: 10 a San Lorenzo, 4 a La Venta, 2 a Tres Zapotes, 1 a La Cobata. Ƙananan ba su kai tsayin mutum ba, mafi girma ya kai mita 3.4, nauyinsu kuwa daga tan 6 zuwa wajen tan 40. Kowane kai da kamanninsa da irin hularsa, shi ya sa akasarin masana ke ganin fuskokin sarakuna ne. Baƙin dutsen aman wuta da aka yi su da shi daga tsaunukan Tuxtla aka kawo shi, tazarar fiye da kilomita 50 zuwa San Lorenzo, ta La Venta ma ta fi haka. Babu ƙarfe, babu amalanke, babu jaki babu sa. Da dutse aka sassaƙa dutse, da ƙarfin tuwo aka ja shi, ta tudu ko ta ruwa. Wasu kawunan San Lorenzo an gano tsofaffin karagun mulki ne aka sake sassaƙawa. Duk wanda ya iya sa ɗaruruwan mutane su bar gonakinsu su jawo masa dutse mai tan 20 don a fitar da fuskarsa, ai ya wuce mai unguwa.

To amma duka 17 ɗin a cikin gida aka same su. Maya ba su ɗauki wannan salo ba, Aztek ma haka. Mai neman tasirin Olmek ba a kawunan zai same shi ba, sai ya duƙa ya duba ƙananan kaya: tsingaro, gatarin koren dutse, da zanen jikin tsauni.

Yadda aka soma kiran ta uwa

A 1942 masana suka yi taro a garin Tuxtla Gutiérrez, inda Alfonso Caso ya fito fili ya ce babu shakka wannan al'ada ita ce uwar su Maya da Teotihuacan, tsohon birnin tsakiyar Meksiko, da Zapotek na kwarin Oaxaca. Abokinsa Miguel Covarrubias, mai zane ne da ya ƙware a kayan tarihi, ya zana wani jadawali mai kama da bishiyar zuriya. A gindin ya sa wata fuska da ta cika kayan Olmek, rabi jariri rabi jaguwa, wato damisar nahiyar Amurka, baki a turɓune, tsakiyar kai a tsage. Daga ita ya fitar da rassa zuwa abubuwan bautar ruwan sama na al'ummomin baya: Tlaloc na Aztek, Chaak na Maya, Cocijo na Zapotek. Ba a rasa kishin ƙasa a cikin lamarin, domin Caso da Covarrubias 'yan Meksiko ne, manyan masu musun kuwa Turawa ne da suka ƙarar da rayuwarsu a kan Maya. A tsakiyar shekarun 1950 gwajin kabon na auna shekaru da aka yi wa gawayin La Venta ya raba gardamar shekaru, ya ba su Caso gaskiya.

Tsufa dai ba haihuwa ba ce. Kent Flannery da Joyce Marcus, waɗanda suka yi shekaru suna tono a kwarin Oaxaca, suka nuna cewa garin San José Mogote yana da gine-ginen taron jama'a masu shafen farar ƙasa tun kafin kayan Olmek su iso shi, kuma madubin duwatsun ƙarfe da ake gogewa a can har San Lorenzo ake kai su. A ganinsu, ƙananan masarautu ne birjik a yankin, kowace da abin da ta iya, suna gasa suna musaya, kuma a cikin wannan gasa ce aka samu ci gaban da ake ta jingina wa gari ɗaya.

Abin da ɓangarorin biyu suka yarda da shi shi ne, daga wajen 1200 zuwa 900 wasu tukwane masu zane iri ɗaya sun bazu ko'ina. Ga macijin nan mai gira kamar harshen wuta, ga fuskar jaguwar nan, ga fararen mutum-mutumin jarirai masu rami a ciki. An same su a Tlatilco da ke cikin birnin Meksiko na yanzu, da Las Bocas a Puebla, da Oaxaca, da gaɓar Chiapas, har Copán a Honduras. Tambayar ita ce daga ina suka taso.

A 2005 Jeffrey Blomster da Hector Neff da Michael Glascock suka ɗauki tsingaro 725 daga wurare dabam-dabam, aka auna sinadaran yumɓunsu a na'urar nukiliya ta Jami'ar Missouri, domin yumɓun kowace ƙasa da nasa haɗin. Sakamakon ya nuna tukwanen San Lorenzo sun isa sauran yankunan, amma ba a ga na sauran sun shigo San Lorenzo ba, kuma su sauran ba sa aika wa juna irin waɗannan tukwane. Ba a rufe shekarar ba James Stoltman da su Flannery suka mayar da martani. Su sun yanka 'yan tsingaro kaɗan sirara suka duba tsakuwar ciki da madubin ƙara girma, suka ce ga wasu nan a San Lorenzo da tsakuwarsu ta tuddan Oaxaca ce. Aka yi ta musayar yawu a mujallu, har da baƙaƙen maganganu. A nawa ganin hujjar su Blomster ta fi nauyi, ko don yawan abin da suka auna. Sai dai aikin nasu ya nuna wani abu da ba a cika ambata ba: da yawa daga tukwane masu zanen Olmek a waɗancan garuruwa, maginan garin ne suka gina su da yumɓun garin. Wato an ga na baƙi, an so, an kwaikwaya. Wuri guda ne, Cantón Corralito a gaɓar Chiapas, kayan San Lorenzo suka yi yawan da har David Cheetham ke ganin mutanen San Lorenzo ne da kansu suka yi zango a can.

Me ya fitar da su daga gida? Buƙata. Ƙasarsu ba ta da koren dutsen jed, wanda a wurinsu ya fi komai daraja, sai an je kwarin kogin Motagua a Gwatamala. Ba ta da obsidiyan, baƙin dutsen nan mai kama da gilashi da ake yin wuƙa da shi, sai daga tuddan Gwatamala da tsakiyar Meksiko. Kuma ba kaɗan suke nema ba. A La Venta an haƙa wani rami aka jera tubalan koren dutsen safantin kimanin tan 1,000 a ciki, hawa-hawa, aka mayar da ƙasa aka rufe. Ba don ido ya gani aka yi ba.

A wannan fili ne a 1955 aka tono abin da ake kira Baiko na 4, wato kayan da aka binne don bauta. Ƙananan mutum-mutumi ne 16, kowane bai wuce taƙi guda ba, a tsaitsaye cikin yashi kamar ana zaman fada, a bayansu an kakkafa siraran gatura 6 na koren dutse. Ɗaya, wanda aka yi da dutse mai kaushi, ya jingina bayansa da gaturan yana fuskantar sauran. Masu tonon sun lura cewa bayan an binne su an yi daɓe a kai har hawa da yawa, wani ya zo ya haƙa rami daidai kansu, ya kai ga kawunan, ya leƙa, ya mayar da ƙasa. Wanda ya yi haka ya san ainihin inda suke, ke nan akwai masu riƙe da sanin abin da aka binne da inda aka binne shi.

Abin da aka ara

Wurin da ya fi nuna yadda aron ya gudana shi ne Chalcatzingo a jihar Morelos, ɗaruruwan kilomita daga La Venta, a kan hanyar fatake. A jikin tsaunin da ke bayan garin akwai zanen da ake kira Sarki, na tsakanin 700 da 500 kafin Miladiyya. Mutum ne zaune a cikin kogo, kogon kuma bakin wani dodo ne a hangame. Iska ko hazo na murɗowa daga bakin, a sama ga gizagizai uku suna zubar da ruwa, tsirrai na fitowa a gefe. Salon sassaƙar na La Venta ne sak. Amma da David Grove ya yi tono a garin cikin shekarun 1970, sai ya tarar gidajen da tukwanen girkin na 'yan ƙasa ne. Babu alamar an ci garin da yaƙi. Masu garin ne suka ga amfanin su yi magana da harshen zanen baƙi. Wani dutsen na wurin, bakin dodo mai faɗin da mutum zai iya kutsawa ta ciki, an sace shi aka kai Amurka, sai a 2023 aka mayar wa Meksiko.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Galadima da Ciroma da Yarima duk daga Barno aka aro su, saboda a wancan zamani Barno ce ke da kwarjinin da kowace fada ke so ta yi kama da shi. Wannan bai sa Barno ta zama uwar Kano ko Katsina ba, kuma da sarautun suka zauna a ƙasar Hausa, aikin da aka ba su ba lalle ya zama irin na can ba.

Abin da zanen Chalcatzingo ke faɗa, shi Karaga ta 4 ta La Venta ke faɗa. Sarki na zaune a bakin kogo, ya riƙe igiya da ta zagaya ta ɗaure da wani mutum a gefen dutsen, ko bursunan yaƙi ko ɗan'uwa, masana ba su daidaita ba. An daɗe ana kiran irin waɗannan duwatsu wurin yanka, sai wani zanen fenti a kogon Oxtotitlán na jihar Guerrero ya nuna basarake zaune a kan irinsa, aka gane karaga ce. Saƙon dai ɗaya ne: sarki shi ne mai shiga tsakanin mutane da cikin ƙasa, inda a imaninsu ruwa da iri suke fitowa. Sarakunan Maya da suka zo bayan shekaru ɗaruruwa a kan wannan da'awa suka gina mulkinsu.

Ana iya bin sawun abin dalla-dalla. Tsagar nan ta tsakiyar kai, sau da yawa masara ce ke tsirowa daga cikinta, kuma Karl Taube ya nuna cewa wannan sura ita ce abin bautar masara na Olmek. A 2001 William Saturno ya ci karo da zanen bango a San Bartolo cikin dajin Gwatamala, na wajen shekara ta 100 kafin Miladiyya. Maya ne suka zana shi, amma fuskar abin bautar masarar da ke ciki ta Olmek ce, da leɓen saman nan mai turowa gaba. Adon mai ganye uku da sarakunan Maya ke ɗaurawa a goshi ranar naɗi, shi ma daga alamar masarar Olmek ya samo tushe. Haka jera gaturan koren dutse ta kusurwa huɗu da ɗaya a tsakiya, alamar gabas da yamma da kudu da arewa da cibiyar duniya. Haka tsaga jiki a fitar da jini don baiko: a kaburburan La Venta an samu ƙayar wutsiyar wani kifin teku da kwaikwayonta na jed, kayan aikin da sarakunan Maya suka ci gaba da amfani da su. A Dutse na 19 na La Venta kuma akwai maciji mai tukku da ya naɗe wani mutum, wanda ake ɗauka kakan macijin nan mai gashin tsuntsu da aka gina wa dala a Teotihuacan wajen shekara ta 200 Miladiyya, wanda Aztek ke kira Quetzalcoatl, Maya na Yucatán kuma Kukulkan. A nan sai an yi taka-tsantsan. Tsakanin macijin La Venta da na Aztek akwai shekara wajen 2,000, kuma sura takan daɗe bayan ma'anarta ta sauya.

Na bayan ma sun san akwai na gabansu, ko da ba su san su waye ba. A cikin baikon da aka binne a babban wurin bautar Aztek na Tenochtitlan, babban birninsu, an samu ƙaramar fuskar koren dutse ta Olmek, wadda ta riga ta shekara kusan 2,000 ranar da aka binne ta. Akwai kuma wani abin wuya na Olmek da ke ajiye a Washington, wanda wani basaraken Maya ya sa aka zana hotonsa da rubutu a bayansa.

Abin da aka ɗora musu

Masara ba tasu ba ce. An mayar da ita amfanin gona a kwarin kogin Balsas kimanin shekara 9,000 da suka wuce. Koko, wanda ake yin cakulan da shi, an samu ɓurɓushinsa a tukwanen San Lorenzo, amma mafi tsufan shaidar amfani da shi daga Ekwado take, ta shekara kimanin 5,300.

Wasan ƙwallon roba ya fi sarƙaƙiya. Ƙwallayen roba mafi tsufa da aka sani a duniya daga El Manatí suka fito, wani dausayi kusa da San Lorenzo inda laka ta adana su tun wajen 1600 kafin Miladiyya, tare da mutum-mutumin itace. Dabarar ita ce a haɗa ƙaron bishiyar roba da ruwan wata ciyawa mai yaɗo, sai ya yi tauri ya riƙa tsalle, shekara fiye da 3,000 kafin Turawa su gano nasu haɗin. Amma filin wasa mafi tsufa ba a ƙasar Olmek yake ba, a Paso de la Amada yake, gaɓar Chiapas, na wajen 1650. Wasan na kowa ne tun farko. Ya rayu har aka gina filaye fiye da 1,500 a yankin, cikinsu har da na Chichén Itzá mai tsawon mita 168, kuma har yau ana buga wani nau'insa da ƙugu a jihar Sinaloa.

Harshe ya ɗan taimaki masu cewa uwa. A 1976 Lyle Campbell da Terrence Kaufman suka nuna cewa harsunan Maya da wasu maƙwabtansu sun aro kalmomi daga dangin harsunan Mixe da Zoque, irin su sunan koko da na turaren ƙonawa, kuma suka ce mai yiwuwa irin wannan harshe Olmek ke yi. Mutum ba ya aron sunan abu daga wanda ya raina.

Rubutu da kalanda su ne inda aka fi cika baki. Dutsen da Marion ta karanta, lokacin da aka sassaƙa shi La Venta ta shekara fiye da 350 da zama kufai, don haka na magadan Olmek ne. Wani ma ya girme shi kaɗan, na shekara ta 36 a Chiapa de Corzo. Daga zamanin Olmek ɗin kansa abin da ke hannu kaɗan ne: tubalin Cascajal mai alamomi 62, wanda masu haƙar ƙasar gyaran hanya suka turo, aka bayyana shi a 2006 aka ce na wajen 900 ne, amma da yake ba masana suka tono shi a mazauninsa ba har yanzu akwai masu shakka, sai wani hatimi daga San Andrés kusa da La Venta na wajen 650. A ɗaya gefen, Zapotek na da dutse mai sunan rana a San José Mogote na kusan wannan zamani, Maya kuma na rubutu a San Bartolo tun wajen 300. Batun cewa Olmek ne suka ƙirƙiro sifiri kuwa hasashe ne. Gaskiya ne tsarin doguwar ƙidayar kwanakin da ke kan dutsen Marion, wadda ta tayar wa duniya hankali da jita-jitar tashin duniya a Disamban 2012, yana buƙatar alamar gurbin da babu komai. Amma kwanan watan da ke dutsen Tres Zapotes, 7.16.6.16.18, babu sifiri a cikinsa.

Maganar cewa daga Afirka suka zo

Wannan sai na tsaya a kai, domin tana yawo a Facebook da WhatsApp, da hoton kan dutse a gefe da fuskar baƙar fata a gefe. Tsohuwar magana ce. José Melgar, wanda ya ga kan farko a 1862, shi ya soma rubuta cewa kamannin na mutanen Habasha ne. A 1976 Ivan Van Sertima ya farfaɗo da ita, ya ce mutanen Nubiya da Masar sun ƙetare teku sun yi tasiri a kan Olmek. Wasu kuma sukan haɗa da labarin da marubucin tarihi al-Umari ya rawaito bayan Mansa Musa ya ratsa Alƙahira a 1324, na sarkin Mali da ya shiga Tekun Atlantika da jirage bai dawo ba.

Lissafin shekaru ya ƙi. Sarakunan Nubiya sun mulki Masar ne a ƙarni na 8 da na 7 kafin Miladiyya, lokacin kawunan San Lorenzo sun daɗe da sassaƙuwa. Tafiyar sarkin Mali, in ma ta kai, ta zo bayan La Venta da shekara kimanin 1,700. Ba a taɓa tono wani kaya na Afirka ko guda ɗaya a kufan Olmek ba, ba ƙarfe, ba gero, ba dawa. Ƙasar yankin na cin ƙashi, amma ɗan abin da aka samu a San Lorenzo da kewayenta aka gwada ƙwayoyin halittarsa, ya nuna zuriyar 'yan asalin nahiyar Amurka. Faffaɗan hanci da kaurin leɓe kuwa, ana ganinsu a fuskokin 'yan asalin Veracruz da Tabasco har gobe.

Na fahimci abin da ke sa maganar daɗi a kunne, an daɗe ana tauye tarihin baƙar fata. Amma a tuna abin da Leo Frobenius ya yi a Ife a 1910: ya ga kawunan da suka ba shi mamaki, sai ya ce aikin mutanen ɓatacciyar ƙasar Atlantis ne, don ransa bai ba shi Yarabawa za su iya ba. Cewa sai da baƙi suka zo kafin kakannin mutanen Veracruz su iya sassaƙa dutse, wannan cin fuskar ce aka juya wa wasu. Lokacin da La Venta ke tashe, mutanen Nok a kudancin Kaduna na ƙona nasu mutum-mutumin na yumɓu, kuma babu wanda ya ƙetaro teku ya koya musu.

Abin da aka hango daga sama

Shekarun baya-bayan nan sun sake dagula lissafin ɓangarorin biyu. Takeshi Inomata da Daniela Triadan na Jami'ar Arizona sun nuna a 2013 cewa a Ceibal, garin Maya a Gwatamala, an gina dandalin bauta tun wajen 950 kafin Miladiyya, kafin La Venta ta zama babban gari. Da ma ana cewa Ceibal ce ta kwaikwayi La Venta. Ƙanwa ba ta rigan yaya haihuwa, ke nan su biyun daga wani tsari da ke yawo a tsakanin Chiapas da gaɓar teku suka ɗiba.

Daga nan suka koma ga lida, na'urar da ke harba hasken leza daga jirgin sama ta auna tudu da kwarin ƙasa ta cikin duhun bishiyoyi. A 2020 suka bayyana Aguada Fénix a gabashin Tabasco: dandamalin ƙasa mai tsawon mita 1,400, tsayin mita 10 zuwa 15, wanda aka gina tsakanin 1000 da 800 kafin Miladiyya. Girmansa ne ya ɓoye shi, mai tafiya a kai sai ya ɗauka tudu ne na Allah. A 2021 suka ƙirga wurare 478 masu tsari makamancin wannan a faɗin yankin, kuma suka gano cewa San Lorenzo kanta na da dogon fili mai kusurwa huɗu da dandamali 20 a kewaye, wanda ya girmi sauran. Ashirin kuwa ita ce ginshiƙin ƙidayar duk yankin. A 2023 Ivan Šprajc da su Inomata suka ƙara nuna cewa da yawan filayen an saita su ne da fitowar rana ta 11 ga Fabrairu da 29 ga Oktoba, tsakaninsu kwana 260 cif, adadin kwanakin kalandar ibada da Maya da Zapotek da Aztek duk suka yi aiki da ita. Kalandar ke nan ta riga rubutunta da ɗaruruwan shekaru, kuma a wannan yanki na gaɓar teku aka fara ganin sawunta.

Wannan riba ce ga masu cewa uwa, tunda tsarin filin daga San Lorenzo ya fito. Amma a Aguada Fénix ba a samu kan sarki ba, ba a samu karaga ba, ba a ga alamar fada ba. Sassaƙar dutsen da aka fara tonowa a wurin ta dabba ce. Mutanen da suka tara ƙasar da ta fi ta kowace dalar Maya yawa sun ɗauki filin San Lorenzo da ƙidayarta, suka bar mata sarkinta. Sai bayan shekara wajen 700, a bangon San Bartolo, ake ganin Maya sun zana mutum zaune a kan dakalin itace ana miƙa masa hular sarauta, kuma a lokacin La Venta ta shekara 300 babu kowa a cikinta.